Watan Rosari a tsakiyar kaka

Wanda ya ɗora watan Rosari a kan Oktoba, na tabbata bai taɓa yin roron wake ba. Fafaroma Leo na 13 ne ya ba al'adar ƙarfi a 1883, lokacin da ya kira Katolika su riƙa yin Rosari, wato addu'ar da ake ja da carbi ana gaida Maryamu uwar Yesu, kullum har watan ya fita, kuma daga Roma ya yi maganar. Mu nan kudancin Katsina, Oktoba shi ne watan da manomi ba ya samun sukunin sosa ƙeya. Gyaɗa ta nuna tana so a tuge ta kafin ƙasa ta ƙame, masara ta bushe a tsaye gara na cin gindinta, waken suya na shirin fashewa, farin wake kuwa ba ya nuna gaba ɗaya, sai a bi shi yau a sake komawa jibi. A cikin wannan rububi ne ake son gida ya taru kowace yamma, babba da yaro, a durƙusa.

Bana nauyin biyun ya faɗo kaina. Baba ya rasu da bazara, ruwan shuka bai sauka ba. Ni ne babba, saboda haka gandu ya dawo hannuna: gonar da ba ta cika kadada uku ba, 'yar fadama, shanun huɗa biyu, awaki, sai kajin mata. Masu ci daga rumbun su ne Inna, ni da maiɗakina da yaranmu, da ƙanena da amaryarsa, kuma kowace mace tana da gayaunarta a gefe. Aikin gona na san shi tun ina ɗaukar wa Baba gorar ruwa. Jan addu'ar gida ne ban taɓa riƙewa ba, domin shi yake buɗewa shi yake rufewa, mu namu amsawa kawai.

Mu Hausawa ne gaba da baya. Kakana Bamaguje ne, kuma a kan addinin iyayensa ya mutu. Fadannin Dominikan da suka zo daga Amurka, waɗanda aka danƙa wa yankin Sakkwato a 1953, su ne suka bi ƙauyukan ƙasar Malumfashi, a hannunsu Baba ya sami baftisma yana saurayi. Dominikan da Rosari kuwa ba a raba su, tun daga Waliyyi Dominik da ya kafa ƙungiyarsu. Shi ya sa za ka ga tsohuwar da ba ta san bihim a boko ba amma asirai goma sha biyar suna kanta daram. Biyar ɗin haske da Fafaroma John Paul na 2 ya ƙara a 2002, su ne har yau Inna take kira sababbi, ranar Alhamis sai ta bar wa jikoki su faɗa. Da can muna ƙarƙashin Sakkwato ne. A 2023 aka yanke Diyosis ɗin Katsina, aka ba mu Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lahadin ƙarshen Satumba, bayan an tashi daga sujada, Malam katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya tsayar da magidanta da shugabar Zumuntar Mata a gindin dalbejiyar coci. Cocinmu reshe ne, Fada sai zagaye ya zo kanmu yake zuwa, sauran Lahadi Malam ne a gaba. Ya fito da littafinsa ya jera gidaje, kowane da ranarsa. Siffar Uwa Maryamu za ta kwana a gida, kashegari a ɗauke ta da waƙa zuwa na gaba, na kusa su hallara can, na nesa su yi a gidajensu. Jera gidaje bai ɗau lokaci ba. Inda aka ja daga shi ne a kan lokaci. Samari suka ce a bari sai an ci tuwo, tunda ba a dawowa daga gona da wuri. Inna, wadda ba ta cika sa baki a taron maza ba, ta gyara lulluɓinta ta ce, “Malam, wanda ya wuni a gona ya zo ya loda tuwon dawa da miyar kuka, ba Maryamu zai gaisar ba, tabarma zai gaisar.” Aka yi dariya, magana ta ƙare a nan. Kafin tuwo, kamar yadda Baba yake yi.

Agogonmu kuwa masallacin unguwar Kawu ne. Ana kiran magariba mu taru, kafin a kira lisha mun watse. Wannan ba zaɓi ba ne kawai. Lokacin muna yara a tsakar fili ake yi da fitilar ƙwai, a zauna hira har dare ya raba. Yanzu da 'yan bindiga suka addabi ƙasar nan, babu mai son matarsa da 'ya'yansa su bi hanya cikin duhu, kuma babu mai son taro ya daɗe da haske a waje.

Kafin tuwo yana da sauƙin faɗa. Farashinsa kusan awa guda na hasken rana ne kullum, a watan da kowace awa buhu ce. Sai da na sake tsara aikin gidan gaba ɗaya. Mata su bar gona da la'asar, su haɗa miya, su tuƙa tuwo a kwashe a rufe a kula. Yaran kiwo su shigo da awaki a ɗaure a turke, a ba shanu ruwa da harawa, don kada a tsakiyar addu'a wani ya tashi korar akuya daga kan shanya. Mu maza mu ɗora kayan ƙarshe a amalanke rana tana kan bishiyoyi. Abin da muka rasa da yamma sai muka rama shi da asuba, kuma ya zo daidai da halin wake: da sanyin safiya, raɓa na jikinsa, kwanson yana da laushi ba ya fashewa a hannu. In rana ta take, kana taɓa shi zai watse, rabi a kwando rabi a ƙasa.

Ranar 1 ga wata muka fara, ranar da ƙasa ke bikin 'yancin kai, mu kuma a coci muke idin Maryamu Sarauniyar Najeriya. Tsarin Rosari ba shi da wuya. Carbin yana da ƙwaya 59. A kan gicciye a faɗi “Na ba da gaskiya”, sai “Ubanmu” ɗaya, “A gaishe ki Maryamu” uku, “Ɗaukaka ga Uba”, sannan a shiga goma-goma sau biyar, kowace goma da asirinta daga rayuwar Yesu da mahaifiyarsa. Litinin da Asabar na murna, Talata da Juma'a na baƙin ciki, Laraba da Lahadi na ɗaukaka, Alhamis na haske. In ba a yi gudu ba kuma ba a ja ba, minti ashirin ya isa. Ni na raba goma-goman ne: ɗaya ga Inna, ɗaya ga mata, biyu ga yara, ta ƙarshe ga ƙanena, ni in buɗe in rufe. Yaron da aka ba goma tasa ba ya gyangyaɗi, don ya san ana jiransa. Ƙananan da ba su da carbi, maiɗakina ta ƙirga musu ƙwayar masara goma-goma, suna ɗaukewa daga wannan hannu zuwa wancan. Auta ta sha jefa tata a baki.

Kafin kowace goma akan faɗi abin da ake roƙo a kai, kuma a nan ne gona take shigowa cikin addu'a ba tare da an gayyace ta ba. Kada ruwa ya dawo a kan shanya. Kada kuma ya ɗauke gaba ɗaya dawa ba ta gama ɗaukar ido ba. Allah ya tsare masu shiga dami da harawa daga kububuwa da kunama. Yaron maƙwabta da zazzaɓi ya kayar, don ƙarshen damina sauro ke cin kasuwarsa. Waɗanda aka sace har yanzu ba a ji ɗuriyarsu ba. Bayan Litani, jerin kirarin Maryamu da ake amsawa, inda yara suke farfaɗowa saboda amsar gajeriya ce, “ki yi addu'a dominmu”, Malam yakan ƙara addu'ar Najeriya cikin ƙunci da bishop-bishop suka rubuta tun 1995. Ina yaro na haddace ta, ga shi ina koya wa 'ya'yana, ko kalma ɗaya ba ta tsufa ba.

A gona gyaɗa muka fara bi. Ita ba ta jira: in ƙasa ta bushe ta ƙame, kana tuge ganyen 'ya'yan za su tsinke su zauna a ƙasa, sai ka koma tono da fartanya. In an tuge akan kifa ta 'ya'ya sama su sha rana, ba a tara ta tsibi da danshi. Sai ka girgiza kwanso ka ji ƙwaya na kaɗawa a ciki sannan a tsinke a zuba a buhu. Gyaɗa da masara duk abu ɗaya suke tsoro, wato fumfunar nan mai kore-kore da ke kama hatsin da aka tara da laima ko aka shanya a kan turɓaya. Gubarta hanta take ci, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Saboda haka masara a kan tamfol muka shanya ta, kullum da yamma a tattara a rufe, da safe a sake bajewa, har mai injin bugu ya zagayo. Wannan rufewar ta yamma ita ce ta fi takura mu da lokacin addu'a, don ba aikin mutum ɗaya ba ne. Waken suya kuwa mun yanke shi da sauran ɗan danshi, aka buge a masussuki, shi ne aka fara kaiwa kasuwa don biyan 'yan ƙwadago.

Ranar 7 ga wata idin Uwargidanmu ta Rosari ne. Malam ya ba da tarihinsa, cewa an kafa shi ne bayan yaƙin teku na Lepanto a 1571, tsakanin rundunar Kiristocin Turai da ta Daular Usmaniyya. Bai daɗe a kai ba, kuma na ga hikimarsa. Rabin danginmu Musulmi ne, rijiya ɗaya muke ɗiba, gayya ɗaya muke zuwa, ba yaƙin wasu na shekara ɗari huɗu da hamsin ne ya tara mu a tabarma ba. Labarin da yara suka fi so shi ne na ranar 13, na Fatima a ƙasar Fotugal, inda a 1917 Maryamu ta bayyana ga yara uku masu kiwon tumaki, tun daga Mayu har Oktoba. Ɗana mai kiwon awaki kwana biyu yana tafiya da ƙirji a gaba.

Da zagaye ya zo gidanmu, tun la'asar aka share tsakar gida aka yayyafa ruwa. Teburin karatun yara aka lulluɓe da farin zane, kyandir biyu, furen da 'yan mata suka tsinko a bakin fadama a cikin gwangwanin madara. Amaryar ƙanena ta dafa gyaɗa ta haɗa zoɓo, domin ba a sallamar baƙi da baki busasshe ko da tuwo na jiransu a gida. Tabarmi ba su isa ba, Gwaggo ta aiko da nata. Ita ƙanwar Baba ce, Musulma, ta zo da kanta ta zauna a ɗakin Inna har aka gama. Da aka watse, jikanta ya tsaya yana kallon siffar ya ce, “Kawu, wannan kuke yi wa sujada?” Na ja hannunsa zuwa ɗakin Inna na nuna masa hoton Baba a bango. Na ce kullum Inna tana goge masa ƙura, wani lokaci har ta yi masa magana, amma ta san takarda ce, kuma ta san Baba ba Allah ba ne. Sujada ta Allah ce shi kaɗai, Maryamu roƙonta muke ta taya mu addu'a. Gwaggo ta ce, “Nana Maryamu ai babu mai ja da darajarta, sura guda gare ta a Alƙur'ani. Siffar ce dai mu ba ma yi.” Inna ta ce to, ta miƙa mata kwanon gyaɗa. Shekara arba'in ke nan suna wannan zancen, babu wadda ta matsa daga inda take.

Wake shi ne kuɗin gidanmu, don haka a kansa na fi tsayawa. Bayan roro akan shanya kwanson ya bushe ƙayau, a buge da sanda, mata su sheƙe a iska, a sake shanya tsabar. Gwajinmu haƙori ne: in ka ciza ya fashe ƙas, ya yi, in ya lotsa, a mayar da shi rana. Matsalar wake ita ce ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi, ƙwai na manne a jikin ƙwaya, wata biyu a buhu sai ka tarar da gari da huji. Mutane da yawa fiya-fiya suke zubawa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, mu kuma da babu mai hana mu muke ci. Mu buhun PICS muke amfani da shi, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Kafin zubawa sai ka cika kowace leda da iska ka matse ka ji ko tana da huda. A sa ɗaya cikin ɗaya, a zuba wake, a danne iska ta fita, a murɗe bakin ta ciki a lanƙwasa a ɗaure tam, a yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan na wajen. Iskar da ta rage ƙwarin ne za su shaƙe ta da kansu, daga nan su mutu, babu magani ko ɗigo. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma kada a buɗe sai ranar sayarwa. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya a gidan da ake son alala da ƙosai, shi ya sa na ware na ci daban a jarka. Harawa kuma aka naɗe aka ɗora a kan rufin ɗaki, don a bazara tana iya yin tsadar da za ka rasa wanne ne amfanin gonar, ita ko waken.

Oktoba na fita Nuwamba ta shigo da matattu. Ranar 1 idin dukan tsarkaka, ranar 2 ta tunawa da dukan masu bi da suka rasu. Tun mako guda kafin nan Malam ya raba ambulan, kowane gida ya rubuta sunayen mamatansa ya sa abin da ya sawwaƙa, a ajiye kusa da bagadi ana yi musu addu'a har ƙarshen wata. Ni ne mai rubutu, Inna ce mai faɗa. Ba ta kiran sunana, ni ɗan fari ne, sai dai ta ce “kai wannan, rubuta.” Sunan Baba ma ba ta faɗa ba, ta ce in sa na maigidan a sama. Muka bi 'yan'uwanta, da yara biyu da ta binne kafin a haife ƙanena. Sai ta yi shiru, can ta ce, “Tsohon fa?” Kakana take nufi, surukinta, wanda ya mutu bai yi baftisma ba, wanda har ya bar duniya yana yanka wa iskokin gidansu jan zakara kafin a taɓa sabon hatsi. Ta ce shi ne ya riƙa ɓoye mata dawa a ɗaki shekarar da aka yi yunwa tana da goyo. Baba bai taɓa rubuta shi ba, ita kuma ba ta taɓa tambayar dalili ba.

Na bar layin babu komai har Fada ya zo. A bakin motarsa na tare shi na ce, “Fada, Inna ce ke da tambaya, kunya ta hana ta.” Ya ce in rubuta shi. Ana iya yin Mas, wato babbar sujadar da Fada yake jagoranta, domin kowa, rayayye ko matacce, kuma a cikin addu'ar Yukaris ta huɗu, ɗaya daga cikin manyan addu'o'in Mas, Ikilisiya da bakinta tana roƙo domin matattun da Allah kaɗai ya san bangaskiyarsu. Ya ce hukunci ba a ambulan ake yanke shi ba. Na koma na rubuta, Inna ta sa na karanta mata sunan ta ji, sannan ta ƙara da na wata ƙawarta Musulma da suka yi tallan fura tare suna 'yan mata.

Firist yana da izinin yin Mas uku a wannan rana, shi ya sa Fada ya iya kaiwa gare mu bayan ya gama da cikin gari. Daga coci muka wuce maƙabarta da fartanya da lauje, don ciyawar damina ta rufe kaburbura har ba a gane na wane. Kowa ya nome na gidansu, waɗanda danginsu suka yi ƙaura Zumuntar Mata ta ɗauke musu. Kabarin Baba ya lotsa ta gefe ɗaya saboda ruwan Agusta, ni da ƙanena muka ciko ƙasa muka gyara, muka sake kafa gicciyen da gara ta fara ci. Fada ya bi layi yana yayyafa ruwa mai tsarki, muna amsa “Ka ba su hutawa ta har abada, ya Ubangiji.” Inna ba ta yi kuka a wurin ba. Da muka dawo ne ta tarar da akuya a kan shanyar kuɓewarta, ta yi mata faɗan da ya fi ƙarfin laifin, kowa ya kama bakinsa. Kwana takwas na farkon watan akan so a riƙa ziyartar kabari ana addu'a, da yake hanyar gonarmu ta bi ta gefen maƙabartar, sai muka riƙa tsayawa da safe, kayan aiki a kafaɗa.

Daga nan aiki ya ɗan lafa, ana jiran dawa. Ita ba ruwanta da ranar da ka shuka ta, sai rana ta fara gajarta take fitar da kai, ta ƙarasa nuna da raɓa da sauran laimar ƙasa bayan ruwa ya ɗauke. A cikin wannan jira Kristi Sarki ya zo, Lahadin ƙarshe ta shekarar Ikilisiya, idin da Fafaroma Pius na 11 ya kafa a 1925. A Najeriya ranar ce ake fita da Jikin Kristi, wato gurasar da aka tsarkake a Mas, a zaga gari, don lokacin idinsa na ainihi damina ce. Duk rassa suka haɗu a babbar cocin farish, wadda rassan suke ƙarƙashinta, muka yi tafiyar cikin hazo da ƙura, mata da ankonsu, 'yan kwaya da ganga, ana tsayawa ana durƙusawa a kan titi. Leɓe duk ya tsage, yara sun dawo fari fat, amma babu wanda ya ce a bar shi a gida baɗi.

Kafin a sa wa dawa magirbi akwai abin da Baba yake yi, na bi sawunsa. Na shiga gonar ni kaɗai na zaɓi zangarniya masu cika, masu tsabta, daga karan da ƙuduji bai taɓa ba, kaura daban farafara daban, na ɗaure na kawo Inna ta rataye a saman murhu inda hayaƙi zai kore ƙwari. Iri ke nan. Sannan aka kira gayya, Kirista da Musulmi, aka kwantar da kara, aka bar shi ya sha iska, aka dawo aka yanke kai aka ɗaure dammuna.

A nan muka yi 'yar ja-in-ja da ƙanena. Baba yakan jera dammuna a gona, ya ƙirga, kowane na goma ya ja shi gefe, na coci ne. Gonar Kawu tana jikin tamu, shi ma haka yake fitar da zakkarsa, ɗaya cikin goma tunda ruwan sama ne ya shayar, har sukan yi wa juna ba'a a kan wanda nasa tsibin ya fi. Ƙanena ya ce, “Yaya, ba ƙin Allah nake ba. Bashin taki yana nan, ga kuɗin makaranta, matata kuma ta kusa. Mu kai gida tukuna, in mun ga abin da ya rage sai mu fitar.” Maganarsa tana da ƙafa. Ikilisiya ba ta yanka mana kashi goma a matsayin doka ba, cewa ta yi kowa ya taimaka gwargwadon ƙarfinsa, Malam ma ya tabbatar mana da haka. Amma na san gidanmu. Abin da ya shiga rumbu ya zama na ciki, babu ranar da za a leƙa a ce ga ragowa. Da iri da rabon coci da lokacin addu'a duk halinsu ɗaya a wurina, in ba a cire su tun farko ba, ba a samunsu a ƙarshe. Muka tsaya a tsakiya: dawa ɗaya cikin goma kamar yadda Baba yake yi, kuma daga gona amalanke ya wuce da ita ɗakin ajiyar coci kai tsaye, masara da wake kuwa abin da muka ga za mu iya bayan an biya mai taki. Bai ji daɗi sosai ba, ni ma ban samu duk yadda nake so ba.

Cocin cikin gari tun Nuwamba suke godiyar kaka, mu sai dawa ta shigo, don haka tamu ta faɗa farkon Disamba, an riga an kunna kyandir na farko na Adbent, makonnin shirin Kirsimeti. Gida-gida ake kira. In an kira naku, ku taso daga bakin ƙofa da rawa, dami a ka, kwaryar wake, kabewa, zakara a hammata, wani har da ɗan akuya yana turjewa, Zumuntar Mata na buga tulu da caki, har gaban bagadi. Da aka kira gidanmu da sunan Baba, kamar yadda aka saba, Inna ce ta shige gaba da ƙullin busasshiyar kuɓewa da daddawar da ta yi da hannunta. Bayan Mas aka fito gwanjo. Wani zakara sai da aka sayar da shi sau uku, duk wanda ya saya sai ya mayar ya ce a sake. Daga abin da aka tara ake ware na Malam katikis, wanda gonarsa ke shan kashi saboda hidimarmu, da na gwauraye mata da marayu, sauran a sayar a sa a kwanon rufin coci da kason farish.

Abu ɗaya ne ba na so, kuma na faɗa a taron magidanta. An fara kwaso salon birni, a ɗauki lasifika ana shelar wane ya ba da kaza, a tafa masa, wanda ya zo da tiya ɗaya ya rasa inda zai sa kansa. Akwai gidajen da bana ba su noma gonakinsu na nesa ba saboda tsoron daji, na lura biyu daga cikinsu ba su zo ba sam, kuma na san ba rashin godiya ba ne. An ce za a duba. Za mu gani baɗi.

Sauran dawa muka shigar rumbu, muka bar ta a zangarniyarta don ta fi daɗewa, aka ɗora hular ciyawa aka ɗaure. Kara kuma mata sun kwashe na danga da na girki kafin shanun makiyaya su shigo. Yanzu hankali ya koma fadama, irin albasa da tumatir ya isa dashe, injin ban-ruwa kuwa tun bara yake tari. Na ce za a kwance buhun wake ɗaya a kai kasuwa a gyara shi, ko da yake farashi a ƙasa yake, kowa na fitarwa. Maiɗakina ta ce, “Maigida, in dai za a kwance ɗaya, a kwance biyu. Kirsimeti saura mako uku, yaran nan ko yadi ba a yanka musu ba, tela kuma ya ce daga ranar goma ba ya karɓar ɗinki.”